Malam Abdullahi na Gwandu

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo wajen shekara ta 1766. Shi ƙanen Shehu Usmanu ne, a gunsa kuwa ya yi yawancin karatunsa.

Sa'ad da aka soma jihadi a 1804, yaƙi bai raba shi da alƙalami ba. Wajen 1807 ya tashi da nufin zuwa Makka, ya sauka Kano. Kanawa suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu littafin da za su bi wajen shari'a. Bai bar garin ba sai da ya gama Liya'ul Hukkami, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani.

Bayan ya koma gida aka danƙa masa mulkin ƙasashen yamma, duk da haka in ya soma littafi sai ya kai ƙarshensa. A 1813 ya gama Tazyinul Waraƙati, a 1816 kuma Liya'ut Tawili, babban tafsirin da malamai ke karantawa har yau.

Ya rasu a Gwandu a 1829. Yaron da ya ƙudura sauke littafi bana, in aikin gona ya yi yawa, sai ya tuna da Malam Abdullahi.