Audu Bako, ɗan sandan da ya tare ruwa

Wanda ya tashi daga Dungu za shi Kano, sai ya bi ta Matamaye, ya ƙetare iyaka a Ɗan Barto, ya wuce Daura da Kazaure. Kafin ya kai birni zai ratsa Ɗambatta. A nan akwai wata makarantar koyon aikin gona da ake kira da sunan Audu Bako. In ya shiga Kano zai sake cin karo da sunan: ga gidan namun daji na Audu Bako, ga titin Audu Bako, ga kuma babban gidan ma'aikatun gwamnati mai wannan suna. Baƙo zai zaci wani tsohon sarki ne. To, ɗan sanda ne, kuma malamin ƴan sanda.

An haifi Audu Bako a shekarar 1924, a barikin ƴan sanda na Kaduna, cikin ƙasar Nijeriya. Lokacin nan Turawan Ingila ke mulkin Nijeriya, Turawan Faransa kuma ke mulkin Nijar. Ubansa ɗan sanda ne. Ya yi shekara 36 yana wannan aiki, daga baya ya zama sarkin Sabon Garin Kaduna. Saboda haka yaron ya buɗe ido cikin bariki, yana jin busar begila da asuba, yana ganin fareti kullum. Ya fara lakkwal a Kaduna, sa'an nan aka kai shi makarantar Midil ta Zariya. A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga aikin ubansa. Shekararsa 18.

A wancan zamani ƴan sanda iri biyu ne a Arewacin Nijeriya. Akwai na gwamnati, waɗanda ke ƙarƙashin Turawa. Akwai kuma ƴan doka, waɗanda ke ƙarƙashin sarakuna, asalinsu daga dogarai. Da yawa cikin masu wannan aiki ba su yi karatun boko mai nisa ba. Wanda ya fito daga Midil kamar Audu, ya iya karatu da rubutu da Ingilishi, ba a barinsa tsaye a bakin kasuwa da kulki. Sai aka mai da shi malami a Kwalejin Ƴan Sanda ta Kaduna, yana koyar da dokokin aiki.

Wannan darasi ba ƙarami ba ne. Ɗan sanda yana da ikon kama mutum, yana da ikon tsare shi. In bai san iyakar ikonsa ba, sai ya zama abin tsoro ga talaka maimakon abin dogara. Malamin doka shi ke nuna wa kurata yaushe ake kama mutum da yaushe ba a kamawa, yadda ake rubuta maganar mai ƙara da ta shaidu, da yadda ake kai wanda ake tuhuma gaban alƙali. Fareti ana iya koyonsa cikin ƴan watanni. Riƙe hannu daga dukan wanda ba shi da ƙarfi kuwa, wannan sai da malami mai haƙuri.

Audu Bako ya yi ta samun ƙarin girma, har ya zama mataimakin kwamishina mai kula da dukan ƴan doka na Jihar Arewa. Aiki ne mai ƙaya. Mutane suna kuka da ƴan doka, musamman ƴan hamayya na jam'iyyar NEPU, waɗanda ke cewa ana kama su ne saboda siyasa. Sarakuna kuma ba su son a taɓa musu ƴan dokarsu. A cikin wannan aiki ya san manyan garuruwan Arewa da fadodinsu. Wani abin lura: Ado Bayero, wanda ya zama Sarkin Kano a 1963, shi ma ya taɓa riƙe shugabancin ƴan dokar Kano kafin ya hau gadon sarauta.

Nijeriya ta sami ƴancin kai a 1960, shekara ɗaya da Nijar. A 1966 sojoji suka karɓi mulki, ƙasa ta rikice. Ran 27 ga watan Mayu 1967 shugaban ƙasa Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12. Yawancin gwamnonin da ya naɗa sojoji ne, amma uku ƴan sanda ne, Audu Bako na cikinsu. Shi aka ba sabuwar Jihar Kano, mai masarautu huɗu: Kano, Haɗeja, Gumel da Kazaure. Bai yi wata biyu ba yaƙin basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai a watan Janairu 1970.

Sabuwar jiha kamar sabon gida ce, kome sai an nemo. Da can a Kaduna ake yanke kowace shawara. Yanzu dole Kano ta gina ma'aikatunta, ta sami ma'aikatanta. Gwamna ya sake tsarin mulkin ƙananan hukumomi, waɗansu ayyukan da ke hannun sarakuna suka koma hannun gwamnatin jiha. Da yake tsohon malami ne, ya sa aka buɗe makarantu, ya kuma matsa ƙwarai a kan karatun ƴaƴa mata, a lokacin da iyaye da yawa ke ɓoye ƴaƴansu in an zo ɗaukar ƴan lakkwal.

Amma abin da ya fi cin ransa shi ne ruwa. Ƙasar Kano kamar ta Damagaram take: damina wata uku ko huɗu, sauran shekara rani. Da damina koguna su cika su tumbatsa, ruwan ya wuce. Da rani su ƙafe, sai yashi. Manomi ya gama girbi ya rasa abin yi, sai ya tafi cin rani. Dabarar ita ce a gina katanga ta ƙasa da duwatsu a gicciye cikin kogi, a tare ruwan damina, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa gonaki. Wannan katanga ita ce madatsar ruwa, wadda a Nijar aka fi sani da baraji.

A 1969 aka fara gina madatsar Bagauda, don a shayar da gonakin Kadawa. An sa mata sunan Bagauda, wanda tarihi ya ce shi ne sarkin Kano na farko, jikan Bayajida na Daura. Da aka ga abin ya yi, sai aka shiga wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba, wato madatsar Tiga, a kan Kogin Kano, kudu da birni. An gama ta a 1974. Tafkin da ta tara ya kai faɗin murabba'in kilomita 178. Mutumin da ya tsaya a wannan gaɓa da ƙyar yake hango waccan.

Ana cikin ginin ne babban fari ya sauka. A 1972 da 1973 ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai daga Senegal har Cadi. Hatsi ya ƙone a gona, shanu da raƙuma suka mutu, mutane da yawa daga Nijar suka gangara Kano neman abinci. Waɗanda da suke ganin gwamna na zuba kuɗi cikin rami, a shekarun nan suka gane amfanin ruwan da aka ajiye. A Kadawa da Kura aka shiga noman alkama da shinkafa da tumatir da tsakar rani.

Sai dai ruwan da aka tare a wuri ɗaya, wani wuri ne ya rasa shi. Ƙauyukan da tafkin Tiga ya cinye, an tashi mutanensu, sun bar gonakin kakanninsu. Kogin Kano kuma ba na Kanawa kaɗai ba ne. Yana zuba cikin Kogin Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, daga nan ya zama Komadugu Yobe, wanda ke raba Nijar da Nijeriya a wajen Difa kafin ya faɗa Tafkin Cadi. Bayan gina Tiga, ambaliyar da ke jiƙa waɗannan fadamu kowace shekara ta ragu. Masunta da makiyaya da masu noman fadama na can ƙasa sun ji a jikinsu.

Audu Bako ya yi shekara takwas yana gwamna. Ran 29 ga watan Yuli 1975 aka hamɓarar da Gowon, Murtala Muhammed ya hau mulki, aka sauke gwamnoni duka. Sabuwar gwamnati ta sa aka binciki dukiyarsu. Cikin su 12, biyu kaɗai aka wanke, na Legas da na Jihar Yamma. Sauran goma an same su da laifi, Audu Bako na ciki. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa kurata doka, ga shi dokar ta biyo ta kansa. Duk da haka Kanawa ba su goge sunansa ba, suna duban ayyukan da ya bar musu.

Bayan ya bar aiki ya koma Jihar Sakkwato ya kama noma. Ya rasu a 1980, yana da shekara 56. A 1991 aka raba jihar da ya mulka gida biyu: Haɗeja da Gumel da Kazaure suka shiga sabuwar Jihar Jigawa, Tiga da Bagauda suka tsaya cikin Kano.