Muhammadu Marwa Maitatsine: Mutumin da ya girgiza Kano

A ƙarshen shekarar 1980 birnin Kano ya shafe kimanin kwana goma sha ɗaya cikin wani tashin hankali da ba a taɓa ganin irinsa ba a Nijeriya tun bayan yaƙin basasa.

Alƙaluman hukuma sun nuna cewa mutum 4,177 ne suka rasa rayukansu. Mutumin da ya jagoranci rikicin shi ne Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine.

Asalinsa

Muhammadu Marwa ɗan asalin yankin Marwa ne da ke arewacin Kamaru, kuma daga nan ya samo sunansa. Ya iso Kano wajejen shekarar 1945, inda ya fara wa'azi da tafsiri.

Ya samu laƙabin Maitatsine ne saboda yawan tsinuwar da yake yi a wa'azinsa ga duk wanda ya saɓa wa ra'ayinsa.

A shekarar 1962, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya, an ɗaure shi saboda irin wa'azin da yake yi, daga bisani aka mayar da shi Kamaru. Sai dai bayan Sarki Sanusi ya bar gadon sarauta a 1963, Marwa ya samu hanyar komowa Kano. An sake tsare shi a farkon shekarun 1970, amma hakan bai rage masa magoya baya ba.

Aƙidarsa da mabiyansa

Marwa ya yi watsi da Hadisi da Sunna, ya kuma haramta wa mabiyansa amfani da rediyo da agogo da keke da mota, da tara kuɗi fiye da bukata. An kuma ruwaito cewa daga baya ya yi da'awar annabta. Wannan ya sa malaman Kano, na ɗariƙu da waɗanda ba na ɗariƙu ba, suka ɗauki koyarwarsa a matsayin ɓata.

Akasarin mabiyansa gardawa ne da 'yan ci-rani da matasan karkara da suka kwararo birni. Lokacin kuwa kuɗin man fetur ya azurta wasu tsiraru, tsadar rayuwa ta addabi talakawa, ga kuma raɗaɗin farin da aka yi a yankin Sahel a farkon shekarun 1970.

A unguwar 'Yan Awaki Marwa ya kafa sansaninsa, wanda ya zama tamkar wata ƙasa a cikin ƙasa. Maƙwabta sun yi ta kukan ƙwace musu filaye da cin zarafinsu, 'yan sanda kuma suna shakkar shiga.

Rikicin Disamba

A watan Nuwamban 1980 gwamnan jihar Kano, Alhaji Abubakar Rimi, ya aika masa da takardar wa'adin mako biyu ya tashi daga wurin.

Ranar 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke tsakanin mabiyansa da 'yan sanda a filin Shahuci. Duk da cewa yawancin makamansu kwari da baka ne da takubba da wuƙaƙe, sun fi ƙarfin 'yan sandan, suka ƙwace bindigogi, suka kuma bazu cikin unguwannin da ke kewaye.

Sanin lungunan birni da kuma imanin da suka yi cewa asiri zai kare su daga harsashi sun ƙara musu ƙarfin hali. Ba a shawo kan lamarin ba sai da Shugaba Shehu Shagari ya tura sojoji, waɗanda suka ragargaza sansanin a ƙarshen watan.

Marwa ya rasu sakamakon raunin da ya samu. Hukumomi sun tono gawarsa daga inda mabiyansa suka binne ta, daga baya aka ƙona ta.

Abin da bincike ya gano

Rikicin ya zo ne shekara guda bayan mamaye Masallacin Harami a Makka, kuma a daidai lokacin da sojojin Libiya ke cikin Chadi, don haka aka yi ta raɗe-raɗin hannun ƙasashen waje.

Kwamitin binciken da Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya jagoranta bai samu hujjar cewa wata gwamnatin waje ce ta kitsa rikicin ba, ko da yake akwai 'yan Nijar da Chadi da Kamaru a cikin mabiyan.

Masana irin su Paul Lubeck da Elizabeth Isichei sun danganta lamarin da talauci da rugujewar tsarin da a da yake ɗaukar nauyin almajirai. Shi kuwa Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya fi mayar da hankali kan yadda masu iko ke amfani da addini don cimma burinsu.

Mutuwar Marwa ba ta kawo ƙarshen ƙungiyar ba. An sake gwabzawa a Bulumkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

Da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a watan Yulin 2009, masu nazarin tsaro sun koma kan tarihin Maitatsine. Aƙidun ƙungiyoyin biyu sun sha bamban, amma sun yi kama ta wasu fuskoki: sansanin da aka zuba wa ido har ya yi ƙarfi, iyakokin da ba su da tsaro, da kuma mabiyan da suka warwatsu bayan an kashe jagoransu, suka sake haɗuwa a wani wuri.