Humphry Davy: masanin da ya sa ƙarfe ya fanshi ƙarfe

An haifi Humphry Davy ranar 17 ga Disamba, 1778, a garin Penzance da ke kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinsa masassaƙi ne, ya rasu a 1794 ya bar iyalinsa cikin ƙunci. Davy bai yi karatun jami'a ba. Yaron shago ya zama a wurin wani likita mai haɗa magunguna, a can kuma ya koya wa kansa ilimin sinadarai.

A 1801 ya koma Landan, ya kama aiki a cibiyar Royal Institution. A 1807 ya yi amfani da wutar batir ya ware sinadaran sodiyam da fotasiyam, abin da ba wanda ya taɓa yi. A 1815 ya ƙera fitilar da ba ta tayar da gobara a ramukan haƙar kwal, ya kuma ƙi mallake fasahar don neman kuɗi. A 1820 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society.

A 1823 hukumar sojan ruwan Birtaniya ta kawo masa kukanta. Jiragen yaƙin wancan zamani na katako ne, ana lulluɓe ƙasansu da jan ƙarfe, ruwan gishiri kuwa yana cinye shi. Davy ya gano cewa lalacewar aikin lantarki ce: idan ƙarafa iri biyu suka haɗu a cikin ruwa, wanda ya fi saurin narkewa shi ke cinyewa, ɗayan ya tsira. Sai ya ba da shawarar a manna guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen. Wannan guntu, wanda masana ke kira anod, ƙarfen fansa ne, yana ƙarewa a hankali a madadin abin da yake karewa. A 1824 ya gabatar da bincikensa, aka gwada a kan jirgin Samarang, jan ƙarfen ya daina lalacewa.

Hukuma ta yi gaggawar sa dabarar a jiragenta tun gwaji bai yi nisa ba. Ashe narkewar jan ƙarfen ce ke sakin gubar da ke korar ciyayi da halittun teku masu ɓawo. Da narkewar ta tsaya, sai suka manne wa jiragen, gudunsu ya ragu. A 1825 aka ba da umarnin cire ƙarafan, jaridu suka yi masa ca. Lafiyarsa ta taɓarɓare, ya rasu a Geneva ranar 29 ga Mayu, 1829, yana da shekara 50.

Dabarar ba ta mutu da shi ba. Almajirinsa Michael Faraday ya fito da ƙa'idojin da suka bayyana lissafinta. A 1928 injiniya Robert Kuhn ya fara kare bututan gas da ita a birnin New Orleans na Amurka. A yau jiragen ruwa da bututan ƙarƙashin ƙasa da ƙofofin madatsun ruwa a ƙasashe da dama da ita ake tsare su, ko dai da ƙarfen fansa ko da wutar lantarki kaɗan da ake sakar musu.

Batun ya shafi manoman Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta ƙofofin ƙarfe yake bi kafin ya isa gonakin shinkafa da alkama da tumatir. Ƙofar da tsatsa ta ci ba ta rufuwa sosai, ruwa ya yi ta zurarewa, manomin ƙarshen magudana ya kwana da ƙishirwa. Fenti da ƙarfen fansa duk ƙarewa suke yi, dole a riƙa sabunta su. Saboda haka idan aka gabatar da kasafin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ya kamata a duba abin da aka ware don kula da tsofaffin ƙofofi, kafin a yi murnar sababbin kwangiloli.