Harley Earl, ɗan maƙerin keken doki da ya yi wa mota fiffike

Jama'ar Korahane da ƴan uwa mazauna ƙetare, dogayen motocin Amurka na da, masu ƙyalli kamar kwanukan amarya, da muke gani a tsofaffin fina-finai, ai suna da uba. Sunansa Harley Earl.

An haife shi a Hollywood a 1893, mahaifinsa maƙerin keken doki ne. A 1927 kamfanin General Motors ya damƙa masa aikin tsara siffar motoci. Da yumɓu ake fara gina motar a gabansa, kamar tukunya, sai ta yi masa sannan ta tafi wurin ƙarfe. A 1948 Cadillac ta fito da fiffike a baya, wanda aka aro daga jirgin yaƙi P-38.

Kyau kam ba a magana. Amma fa duk shekara sai ya sauya siffa, don mai mota ya raina tasa alhali lafiyarta lau. Mu da Hilux ɗaya ke kai mu kasuwar Dakoro shekara da shekaru, wannan dabara ba ta burge mu.

Ya rasu a Florida a 1969. Bayan shekara 4 tsadar mai ta fara karya kasuwar manyan motocin nan.