Jules Gonin: Likitan da ya gano ƴar ɓular da ke makantar da ido

A farkon ƙarni na 20, idan tantanin da ke can bayan ido ya ɓamɓare daga mazauninsa, likita ba shi da abin yi illa ya ba mara lafiya haƙuri. Wannan tantani, wanda likitoci ke kira retina, shi ne ke karɓar haske ya aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Da zarar ya saki, sai mutum ya ga kamar an saki labule a gabansa, daga nan sai duhu.

Wani bincike da aka yi tsakanin likitocin ido a Amurka a 1912 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 1,000 ne kawai ke warkewa. An gwada kwantar da mara lafiya makonni, an gwada ɗaure ido da allurai iri-iri, duk a banza.

Wanda ya sauya wannan labari shi ne Jules Gonin. An haife shi a birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan a 1870, a can ya karanci likitanci, a can kuma ya yi kusan dukkan aikinsa, a asibitin ido da ke ƙarƙashin gidan kula da makafi na birnin. Tun yana ɗalibi yake nazarin malam-buɗe-littafi, sha'awar da ba ta rabu da shi ba. Ya zama shugaban asibitin a 1918, sannan farfesa a 1920.

Ba Gonin ne ya fara ganin ɓula a jikin tantanin da ya ɓamɓare ba. Likitoci sun daɗe suna ganin ta, sai dai yawancinsu sun ɗauka cutar ce ke haifar da ita. Shi kuwa, bayan shekaru yana yanka idanun da aka cire yana duba su a madubin likita, sai ya tabbatar cewa ɓular ce mafarin cutar. Ruwa mai kauri da ya cika ƙwayar ido, mai kama da farin ƙwai, yakan tsuke ya ja tantanin har ya yage. Daga nan ruwa ya bi ta ɓular ya taru a bayansa, ya ɗaga shi kamar yadda damshi ke ɗaga fenti daga bango. Ke nan zuƙe ruwan kaɗai ba ya magani, sai an toshe ƙofar da yake shigowa.

Hanyar da ya bi ta yi kama da sakiya. Yakan ɗauki lokaci mai tsawo yana leƙa cikin idon har ya gano inda ɓular take, ya zana ta a takarda. Sai ya huda farin ido daidai saitin wurin, ruwan ya fita, ya soka tsinin ƙarfe mai zafi. Tabon ƙunar ne ke liƙe ɓular. Wahalar aikin tana wajen neman wurin, domin kuskuren milimita kaɗan ya isa ya ɓata komai.

Abokan aikinsa ba su yi saurin yarda ba, kuma wasu da suka gwada suka kasa sun ɗora laifin a kan hanyar, alhali sau da yawa ɓular ce ba su gano ba. Sai a babban taron likitocin ido na duniya a Amsterdam a 1929, inda ya gabatar da sakamakon waɗanda ya yi wa aiki, aka sallama masa. Masu warkewa a hannunsa sun haura kashi 30 cikin 100. Marasa lafiya da likitoci suka riƙa tururuwa zuwa Lausanne, irin su Hermenegildo Arruga na Barcelona suka yaɗa hanyar.

Ya wallafa littafinsa kan cutar a 1934, ya rasu a 1935 yana da shekara 64. An gabatar da sunansa don kyautar Nobel, amma bai samu ba.

A yau an daina amfani da ƙarfe mai zafi, hasken leza da daskarewa sun maye gurbinsa, kuma ana mayar da tantanin mazauninsa a kusan mutum 9 cikin 10. Amma kowace tiyata tana farawa ne da neman ɓular. Asibitin ido na Lausanne yana ɗauke da sunansa, haka ma lambar yabo ta Gonin, wadda ake bai wa likitan ido ɗaya duk bayan shekara 4.