Boubou Hama: Malamin makarantar da ya adana wa Nijar tarihinta

An haifi Boubou Hama a 1906 a ƙauyen Foneko kusa da Tera, a yammacin Nijar. Ya yi karatun malanta a makarantar William Ponty ta Senegal, ya fara koyarwa a 1929.

Ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, amma siyasa ba ta raba shi da bincike ba. Ya riƙa tattaro tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami daga gidajen malamai, kafin gara da damshi su lalata su. Su ne tushen taskar cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai.

A 1967 ya wallafa littafi kan tarihin Gobir da Sakkwato, wanda har yau ɗalibin Madarunfa ko Tsibiri mai neman asalin yankinsa ke amfana da shi.

Sojoji sun tsare shi bayan juyin mulkin 1974. Ya rasu a Yamai ranar 29 ga Janairun 1982. Gidan tarihi na ƙasa yana ɗauke da sunansa.