Marigayi Alhaji Sanusi Ɗantata da Makarantar Bayan Mota

Mu mutanen Darmanawa, da maƙwabtanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, a bakin titin Zariya muka tashi, shi ya sa gidajenmu da yawa ba su rasa direban babbar mota. A bana mun ga ya dace mu tuna da ɗaya daga cikin attajiran da suka ba wannan sana'a gindin zama a Kano.

An haifi Alhaji Sanusi wajajen 1919, ɗa ne ga Alhaji Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955. Shekara huɗu kacal ya yi a elementare ta Dala, mahaifinsa ya janye shi zuwa kasuwa. Mu malaman makaranta ba ma yabon irin wannan hukunci, amma dai yana ɗan shekara 16 aka damƙa masa wani kaso na cinikin shanu, yana saye a Arewa yana lodawa a jirgin ƙasa zuwa Legas. Daga baya ya haɗa da sayen gyaɗa da sufuri. Wajajen 1947 al'amura suka tsananta, har ya sayar da mafi yawan abin da ya mallaka a harkar shanu da ta motoci. Bai karaya ba, ya sake tayar da sufurin, kuma a shekarun 1960 babu wakilin sayen gyaɗa mai lasin da ya kai shi a Nijeriya.

Jirgin ƙasa ba ya shiga ƙauye. Mota ce ke kwaso buhunan gyaɗa ta kawo su Kano a tara dala, kuma ita motar sai da direba amintacce. A wancan zamani hanya ce makarantar direba. Yaro yakan fara ne a matsayin karen mota: shi ne wanki, shi ne ɗaure tamfol, shi ne dirowa da gudu ya sa weji idan mota ta tsaya a hawa. Sannu a hankali ya iya duba ruwa da baƙin mai, ya iya faci, ya gane lafiyar inji da kunne. Sai maigidansa ya gamsu da natsuwarsa zai ba shi sitiyari, da farko a tasha ya gyara tsayuwa, sannan a miƙaƙƙiyar hanya ba lodi. Gangara da kaya, da tuƙin dare, da laka a damina, su ne ajin ƙarshe. Akan shafe shekaru kafin a je gwajin lasin. Akwai wahala da duka a ciki, ba mu musa ba, sai dai wanda ya fito ya san nauyin abin da yake ja. Irin waɗannan direbobi ne suka sauya hannu a 1972, da ƙasar nan ta koma bin dama.

Alhaji Sanusi ɗan Ƙadiriyya ne. Ya rasu ranar 15 ga Afrilu, 1997. Allah ya jiƙansa. Jikansa ta wajen 'yarsa Hajiya Mariya, wato Alhaji Aliko Ɗangote, ya mallaki dubban tireloli, kuma kamfaninsa ya buɗe makarantar koyar da tuƙinsu a Obajana ta jihar Kogi.